Hoton da ke ƙamewa bayan minti huɗu da sakan 20: nazarin rajistar maltikas a suwic ɗin wani otal

Otal ne mai hawa huɗu da ɗaki 120, talatin a kowane hawa. Ba a ja wayar dish zuwa ɗakuna ba. Tashoshi 60 duk suna sauka ne a ɗakin na'urori da ke ƙasa, inda na'urar tattara tashoshi ke karɓar su daga tauraron ɗan'adam, ta mayar da su fakitocin UDP, wato ƙananan ƙullin bayanai da ake aikawa ba tare da jiran amsa ba, ta zuba su cikin wayar kwamfuta. Daga nan sai babban suwic, na'urar da ke raba fakitoci tsakanin wayoyin da aka jona a kafofinta, wanda ke da layin faiba mai ɗaukar gigabit 1 zuwa suwic ɗin kowane hawa. A kowane ɗaki akwai ƙaramar dikoda maƙale a bayan talabijin, kafarta ba ta wuce megabit 100 a sakan ba. Harkar talabijin gaba ɗaya tana cikin VLAN 20, wato sashen hanyar sadarwa da aka keɓe mata ita kaɗai a cikin suwic, da adireshi 10.20.0.0/24. Waifai da kyamarorin tsaro suna bin faiba ɗin nan ɗaya, kowanne a nasa VLAN.

Kowace tasha tana cin kimanin megabit 8 a sakan. Fakiti ɗaya yana ɗauke da gutsattsarin bidiyo na tsarin MPEG-TS guda 7 masu bayit 188, wato bayit 1316, don haka tasha ɗaya tana fitar da fakiti kusan 760 a kowane sakan. Tashoshi 60 sun kama megabit 480 ke nan, fakiti sama da 45,000 a sakan, dare da rana, ko da mai kallo ko babu. An ba tashoshin adireshin maltikas daga 239.1.1.1 zuwa 239.1.1.60. Amfanin maltikas shi ne na'urar ta aika kwafi ɗaya tak na kowace tasha, suwic ya ninka shi ga kafofin da suka nema. Rigimar duka tana kan yadda suwic zai san wace kafa ce ta nema, da kuma yaushe ta daina nema.

Ranar farko: komai zuwa ga kowa

Da aka kunna, babu ɗakin da ya sami hoto mai kyau. Fuska ta tarwatse ta zama 'yan murabba'ai, murya na yankewa, fitilun kafofin suwic kuwa duk suna ƙiftawa tare kamar an haɗa su da waya ɗaya, har da na ɗakunan da ba a kallon komai.

Dalilin yana cikin yadda suwic ke koyon adireshi. Yana duba adireshin MAC na wanda ya aiko fakiti, wato lambar shaidar na'urar a kan waya, ya rubuta cewa wannan na'ura tana kafa kaza. Adireshin maltikas kuwa, wanda ke farawa da 01:00:5E, ba ya taɓa zuwa a matsayin mai aikowa, kullum a matsayin wurin zuwa yake. Suwic ba zai taɓa koyonsa ta wannan hanya ba, kuma abin da bai san inda yake ba, sai ya watsa shi ga kowace kafa ta VLAN ɗin. Megabit 480 ana cusa su cikin kafa mai ɗaukar 100: kusan kashi huɗu cikin biyar na fakitocin suna zubewa a layin fita, kuma suwic ba ya tantance na tashar da baƙo ke kallo da na sauran 59. Ƙididdigar fakitocin da aka zubar a kowace kafa tana hawa da dubbai a sakan. Wannan lamba ita ce shaidar farko, kuma ita ya kamata a fara dubawa kafin a zargi dish ko hadari.

Maganin wannan sananne ne: a kunna IGMP snooping, wato suwic ya riƙa kasa kunne ga zancen da ke tsakanin dikodoji da rauta, na'urar da ke haɗa hanyar sadarwa ɗaya da wata. IGMP tsohuwar yarjejeniya ce. Siga ta farko tana cikin takardar ƙa'idojin intanet RFC 1112 ta Steve Deering a 1989, ta biyu RFC 2236 a 1997, ta uku RFC 3376 a 2002. An tsara ta ne don kwamfuta ta gaya wa rauta rukunin da take so, a nan kowace tasha rukuni ce, ba a yi ta don suwic ba. Sauraren da suwic ke yi dabara ce da masu ƙera kaya suka ɓullo da ita, kowa da irin tasa, sai a 2006 RFC 4541 ya zo da shawarwari a kanta, shi ma shawara ce, ba doka ba. Shi ya sa suwic biyu na kamfanoni daban kan yi abu daban a yanayi ɗaya. Wasu suna zuwa da sauraren a kunne, kamar Catalyst na Cisco, wasu da yawa suna zuwa da shi a kashe. Na wannan otal a kashe aka same su.

Sakan 260

Masu aikin sun kunna sauraren a suwic huɗun na hawa, tunda can ƙorafi yake, suka bar babban yana watsa komai. Hoto ya fito tas. Suka zaga ɗaki biyu uku, suka sauya tasha, komai lafiya, suka sauko. Kafin su kai ƙasa wayar karɓar baƙi ta fara ƙara: hoto ya tsaya cak. Baƙo ya danna tasha ta gaba, ta fito. Ya koma ta farko, ta fito. Bayan ɗan lokaci ta sake ƙamewa. Da aka riƙe agogo, tazarar ba ta canzawa: minti huɗu da sakan 20 daga lokacin da aka shiga tashar.

Duk wanda ya ga wannan lamba a harkar maltikas ya riga ya san inda ciwon yake. Shiga rukuni a IGMP ba rajistar dindindin ba ce. Dikoda tana aika sanarwar shiga lokacin da aka zaɓi tasha, ta maimaita sau ɗaya ko biyu don gudun ɓata, sai ta yi shiru. Ba za ta ƙara cewa uffan ba sai an tambaye ta. Dole a sami na'ura ɗaya a cikin VLAN, mai tambaya, da ke aika tambayar gama-gari zuwa 224.0.0.1 duk bayan sakan 125, ta ba kowa sakan 10 ya amsa. Kamar kiran suna ne a aji: wanda aka kira sau biyu bai amsa ba, a soke shi daga rajista. Lissafin shi ne 125 sau 2, a ƙara 10, ya ba da 260. Idan sakan 260 suka wuce suwic bai ji sanarwa daga wata kafa ba, sai ya cire ta daga rukunin.

A otal ɗin babu mai kiran sunan kwata-kwata. A al'ada aikin rauta ne mai gudanar da maltikas, amma nan tushen tashoshi da masu kallo duk suna VLAN ɗaya, ba a buƙaci rauta ba, ta intanet kuma ba ta da ƙafa a VLAN 20. Dikodojin suna nan, suna so, ba wanda ya tambaye su, suwic ya soke su.

Abin da ke biyo bayan sokewar ya danganta da irin suwic. Wani yana zubar da fakitocin rukunin da ba shi da mamba, shi ne hoto ya ƙame. Wani yana komawa watsa wa kowa, shi ne hoto ya tarwatse kamar ranar farko. Gadar Linux, wato suwic na manhaja da ke cikin Linux, ta ɗauki hanya ta uku: idan ba ta ji mai tambaya ba, tana daina dogaro da rajistar ta koma watsawa, don kada ta yanke wa kowa. Cuta ɗaya ce da fuska uku, kuma wannan yakan sa a ɓata lokaci ana neman dalilai uku.

Sai aka ƙara wani abu da ya rikita lamarin. An yi zaton matsalar ita ce babban suwic ba ya saurare, aka kunna masa. Nan take hawa huɗun suka yi duhu, sauya tasha ma ba ya taimakawa, talabijin biyu na falon baƙi da ɗakin cin abinci kaɗai, waɗanda ke haɗe kai tsaye da babban suwic, suka ci gaba da nasu minti huɗu da sakan 20. An gudu ba a tsira ba. Suwic mai saurare ba ya watsa sanarwar shiga ga kowa. Yana miƙa ta ne kawai ta kafar da ya san akwai rauta ko mai tambaya a bayanta, kuma yana gane wannan kafa ne idan tambaya ta shigo ta cikinta, ko saƙon PIM, yarjejeniyar maltikas da rautoci ke yi tsakaninsu. Da dalili: a siga ta biyu, dikodar da ta ji wata ta amsa wa rukuninsu takan yi shiru, don haka da suwic zai bari su ji juna, da ba zai san duk kafofin da ke so ba. To, babu tambaya, babu kafar rauta, sai suwic ɗin hawa ya haɗiye sanarwar. Babban suwic bai taɓa jin cewa wani a sama yana son wata tasha ba, bai aika komai ba.

Wa zai yi tambayar, kuma daga ina

Yawancin suwic masu saiti suna iya zama mai tambaya da kansu. A Catalyst ana rubuta:

ip igmp snooping vlan 20 querier address 10.20.0.2
ip igmp snooping querier

A gadar Linux kuwa:

ip link set br0 type bridge mcast_snooping 1 mcast_querier 1 mcast_query_use_ifaddr 1

Adireshin yana da muhimmanci. Suwic ɗin da ba a ba shi adireshi a VLAN ɗin ba, ko dai ya ƙi fara tambaya, ko ya aika ta da 0.0.0.0 a matsayin mai aikowa. Akwai na'urorin da ke watsi da irin wannan tambaya, kuma RFC 4541 ya ce kada suwic ya ɗauki kafar da ta shigo ta ciki a matsayin kafar rauta. Sai a ga saiti yana nuna mai tambaya a kunne, hoto kuma yana ci gaba da ƙamewa.

A otal ɗin an kunna mai tambaya a suwic biyar ɗin duka, da tunanin idan ɗaya ya faɗi wani ya ɗauka. Hoto ya dawo ko'ina, ya wuce minti biyar, ya wuce awa. Amma IGMP tana da zaɓe: idan masu tambaya sun fi ɗaya, mai adireshi mafi ƙanƙanta ne ke ci, saura su yi shiru. Babban suwic yana da 10.20.0.254, na hawa suna da .11 zuwa .14. Suwic ɗin hawa na ɗaya ya ci zaɓe ba tare da kowa ya nufa ba.

Illar ba ta fito nan take ba. Ƙa'idar sauraro ita ce duk wani maltikas, da mai nema da marar nema, a tura shi ta kafar mai tambaya, domin ana ɗauka rauta ce da wataƙila za ta kai shi wani wuri. Babban suwic ya ga tambaya tana shigowa daga faiban hawa na ɗaya, sai ya fara tura tashoshi 60 ɗin duka can, megabit 480 cur, ko da ɗakin da ke kallo a hawan ɗaya ne. Rabin layin ya tafi. Da rana ba a ji, da dare idan baƙi suka hau Waifai, kyamarori kuma suna turo nasu, sai hawa na ɗaya kaɗai ya riƙa samun yankewar hoto na ƙiftawar ido. Umarnin show ip igmp snooping querier da show ip igmp snooping mrouter, ko makamantansu a wani suwic, su ne ke tona wannan cikin minti ɗaya: na farko ya nuna adireshin wanda ya ci zaɓe, na biyu ya nuna kafar da ake tura komai.

Ga kuma batun wuta. Babban suwic yana kan batirin UPS, na hawa ba sa kai. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta, mai tambaya yana mutuwa na ɗan lokaci. Sauran suwic na hawa ma suna mutuwa tare da shi su manta rajistarsu, amma ko da shi kaɗai ne ya faɗi, kamar ranar da fis ɗin hawan ya ƙone, lissafin ba ya da daɗi. Wanda ya sha kaye a zaɓe yana jiran sakan 255 kafin ya tabbata mai tambaya ya tafi ya karɓi aikin. Rajista kuma tana ƙarewa a sakan 260 daga amsar ƙarshe. Tazarar sakan 5 ce kawai, alhali kowace dikoda tana zaɓen lokacin amsarta ne da ka tsakanin sifili da sakan 10. Wadda ta amsa da wuri a tambayar ƙarshe, ta kuma yi jinkiri a sabuwar, za ta rasa hoto na 'yan sakanni. A lissafi, kusan ɗaya cikin takwas ke faɗawa wannan rami.

Gyaran bai wuce layi uku ba. An ba babban suwic 10.20.0.2, an bar shi shi kaɗai a matsayin mai tambaya, an kashe na sauran huɗun. Hujjar ajiye madadi ba ta da ƙarfi a nan, domin idan babban suwic ya mutu babu tashar da za ta fito balle a tambayi masu kallonta. Inda ake da manyan suwic biyu ne madadi ke da ma'ana, a ba su .2 da .3. Abin lura shi ne mai tambaya ya zauna kusa da tushen tashoshi. Idan yana kan suwic ɗin da na'urar tattara tashoshi ke haɗe, wannan suwic ba shi da kafar rauta da zai zuba wa komai, kowane faiba sai ya ɗauki abin da hawansa ya nema kawai. Mafi munin yanayi shi ne ɗaki 30 kowanne da tasharsa, megabit 240. Daren da ake buga babban wasa a Firimiyar Ingila kuwa, hawa guda kan iya tashi a megabit 8, tunda kowa tasha ɗaya yake kallo.

Wani abu da ake mantawa: siga ta biyu ba ta sanar da tazarar tambaya a cikin saƙonta, ta uku ce ke yin haka. Idan aka sa mai tambaya ya riƙa tambaya duk sakan 300 don rage surutu, sauran suwic kuma suna kan 260, an dawo gidan jiya. Lokacin sokewa a kowane suwic dole ya kai ninki biyu na tazarar tambaya da ƙarin lokacin amsa.

Fita daga rukuni

Shiga ta daidaita, saura fita. A siga ta biyu, idan baƙo ya sauya tasha, dikoda tana aika saƙon fita zuwa 224.0.0.2, sannan sanarwar shiga sabuwar tasha. Ba a yanke tsohuwar nan take. Ana aika tambaya ta musamman ga wannan rukuni, sau biyu, sakan ɗaya tsakani, ko akwai wani a kafar da har yanzu yake so. Tsohuwar tasha tana ci gaba da zuba na kimanin sakan 2. Mai saurin danna rimot, sau huɗu a sakan, zai tara tsoffin tashoshi takwas da sabuwa ɗaya, megabit 72. Yana shiga cikin 100, da ƙyar.

Amma wasu ɗakuna a hawa na huɗu suna lalacewa gaba ɗaya bayan an ɗan zaga tashoshi, su gyaru da kansu bayan 'yan mintuna. Da aka kwafi zirga-zirgar kafar aka duba da manhajar binciken fakitoci ta Wireshark, sanarwar dikodojin tana ɗauke da lamba 0x12, ba 0x16 ba. Siga ta farko ke nan, wadda ba ta da saƙon fita sam. Dikodojin wani kashi ne da aka sayo daga baya, saitinsu na masana'anta yana kan siga ta farko. Duk tashar da baƙo ya taɓa tana manne da kafar har sakan 260. Tashoshi 13 cikin minti huɗu sun kai megabit 104, kafa ta cika. Kuma illar ba ta tsaya a ɗakinsu ba, domin mai tambaya da ya ji mamba mai siga ta farko a wani rukuni yana daina kula da saƙon fita na rukunin baki ɗaya har lokacin ya wuce. An shiga saitin kowace ɗaya an mayar da ita siga ta biyu.

Daga nan aka kunna fita nan take a VLAN 20, wato da zarar saƙon fita ya zo suwic ya cire kafar ba tambaya:

ip igmp snooping vlan 20 immediate-leave

Sauya tasha ya yi sauri, sai manyan ɗakuna masu falo suka fara ƙorafi. A waɗannan ɗakuna waya ɗaya aka ja, aka sa ƙaramin suwic mai kafa biyar marar saiti a bayan kabad, ya raba wa talabijin ɗin falo da na ɗakin kwana. Idan duka biyun suna tasha ɗaya, na falo ya sauya, suwic ɗin hawa ya ga saƙon fita ya yanke tashar daga kafar, na ɗakin kwana ya ƙame. Ba zai dawo ba sai tambayar gama-gari ta gaba, wadda kan iya kai sakan 125, da ƙarin lokacin amsa. Fita nan take ta dace ne kawai da kafar da na'ura ɗaya ce a bayanta. Inda suwic ke ba da damar saita ta kafa-kafa, kamar bridge link set dev eth3 fastleave on a Linux, sai a tsallake waɗannan ɗakuna. Inda kuma saitin na VLAN ne gaba ɗaya, zaɓi biyu ne: a ja waya ta biyu, ko a koma siga ta uku a suwic ɗin da ke bin kowace dikoda da adireshinta. A nan an ja waya, ɗakunan takwas ne kawai. A babban suwic kuwa ba a kunna ta ko kaɗan, domin bayan kowace kafarsa akwai hawa guda, kuma ba kowane suwic ɗin hawa ne ke riƙe saƙon fita har sai mamban ƙarshe ya tafi ba.

Tashoshi uku da suka ƙi bin rajista

Daga baya otal ɗin ya ƙara tashoshinsa na cikin gida guda uku, na maraba da baƙi da jerin abinci da makamantansu. Wanda ya saita su ya ba su 239.0.0.10 zuwa 239.0.0.12. Ba wanda ya yi ƙorafi, amma kowace kafa ta ɗaki, ko dikoda a kashe take, ta koma ɗauke da megabit 24 na dindindin.

Adireshin maltikas na IP yana da bit 28 masu bambanta rukuni, amma 23 na ƙarshe kaɗai ke shiga adireshin MAC. Biyar sun ɓace, don haka adireshin IP 32 suna raba MAC ɗaya. 239.0.0.10 yana zama 01:00:5E:00:00:0A, daidai da 224.0.0.10. Zangon 224.0.0.x kuwa an keɓe shi ga saƙonnin sarrafa hanya, OSPF a .5 da .6, VRRP a .18, mDNS a .251, kuma suwic mai saurare yana watsa shi ga kowa da gangan. Suwic ɗin da ke riƙe rajistarsa da MAC ba ya iya bambance su, sai ya watsa tashoshin uku. Duk adireshin da ke da x.0.0.y ko x.128.0.y a kauce masa. Haka nan 239.1.1.5 da 239.129.1.5 da 238.1.1.5 duk 01:00:5E:01:01:05 ne, wanda ya nemi ɗaya zai sami duka. Sababbin suwic da yawa suna rajista da adireshin IP, ba sa fama da wannan, amma ba a gina tsarin adireshi kan fatan cewa kowane suwic da za a saya nan gaba irin wannan ne. An mayar da tashoshin 239.1.1.61 zuwa .63.

Katin ƙofa

Abin da ya fi cin lokaci kafin a gano shi ne tarwatsewar hoto a ɗakuna da yawa lokaci guda, na minti ɗaya zuwa 'yan mintuna, galibi da yamma. Rajista daidai, mai tambaya daidai. Littafin abubuwan da suka faru na suwic ne ya nuna cewa kowane karo yana zuwa daidai da sanarwar sauyin hanya ta STP, yarjejeniyar da ke hana fakitoci zagaye ba ƙarewa tsakanin suwic da suwic.

Ɗakunan suna da ramin kati a bakin ƙofa: baƙo ya zare kati wutar ɗaki ta ɗauke, dikoda ta mutu, kafar suwic ta faɗi. Ya dawo ya sa kati, kafa ta tashi. Ba a gaya wa suwic cewa waɗannan kafofin na na'urorin ƙarshe ba ne, don haka duk tashin kafa yana ɗaukarsa a matsayin sauyin tsarin hanya. Wasu suwic, idan haka ta faru, suna ɗauka rajistarsu ba abin dogaro ba ce, su koma watsa maltikas ga kowa har sai an yi zagayen tambaya. A Catalyst adadin da aka saba shi ne tambaya biyu. Yamma lokacin dawowar baƙi ce, kati bayan kati. An sa spanning-tree portfast a kowace kafar ɗaki, da no ip igmp snooping tcn flood a kansu, aka kuma sa ƙaramin UPS a kowane suwic na hawa don su tsallake 'yan sakannin komawa janareta.

Rubutun hannu da iyaka

Na'ura ɗaya ce aka yi wa rajista da hannu: tsohon allon talla na falo, wanda ke karɓar tasha amma ba ya jin IGMP.

ip igmp snooping vlan 20 static 239.1.1.61 interface gi1/0/7

A Linux daidai da wannan shi ne bridge mdb add dev br0 port eth7 grp 239.1.1.61 permanent. Irin wannan rajista ba ta ƙarewa, kuma kafa take bi ba na'ura ba. Ranar da aka mayar da allon wata kafa, tashar za ta ci gaba da zuba wa duk abin da aka jona a ta bakwai. A rubuta dalilinta a bayanin kafar. Wasu kan yi gajeriyar hanya su ayyana kafar a matsayin kafar rauta da hannu, wannan kuwa tashoshi 63 ɗin duka zai aika mata.

Kafofin ɗakuna an ɗaure su ta fuska biyu, tunda baƙo na iya zare wayar dikoda ya jona kwamfutarsa. An yi jerin izini da ip igmp profile mai zangon 239.1.1.1 zuwa 239.1.1.63, aka ɗora shi da ip igmp filter, sannan ip igmp max-groups 4 don kada kafa ɗaya ta ja fiye da megabit 32. Idan dikodoji suna amfani da yarjejeniyar SSDP wajen gano juna, a saka 239.255.255.250 cikin jerin izini, a kuma tuna yana cin gurbi ɗaya cikin huɗun. An cire VLAN 20 daga kafofin na'urorin Waifai ma, domin maltikas a iska yakan tafi da mafi ƙarancin gudu, tasha ɗaya ta isa ta cinye lokacin kowa. Sauraren MLD, takwaran IGMP a IPv6, an bar shi a kashe a VLAN ɗin baƙi: kunna shi ba mai tambaya yana iya yanke saƙonnin gano maƙwabci, IPv6 ta riƙa mutuwa bayan 'yan mintuna ba a san dalili ba.

Gwajin karɓar aiki an yi shi ne da kwamfutar hannu a kafar wani ɗaki. Da tcpdump -ni eth0 igmp ana so a ga tambaya daga 10.20.0.2 zuwa 224.0.0.1 a kan tazarar da aka saita, ba daga wani adireshi ba. Kafin a nemi komai, kada a ga fakitin UDP ko ɗaya mai zuwa 239. Sai a buɗe udp://@239.1.1.5:1234 a manhajar kallon bidiyo ta VLC, da lambar kafar UDP da na'urar tashoshi ke amfani da ita, a duba show ip igmp snooping groups a suwic ɗin hawa da kuma babba: na hawa ya nuna kafar ɗakin, babba ya nuna faiban hawan. A rufe VLC, zubar ta tsaya cikin sakan 2. Sannan a sake buɗewa a bar ta minti 10 ba a taɓa komai ba, ana zare katin ɗakin maƙwabta ana mayarwa, ido kuma yana kan ƙididdigar fakitocin da kafar ta zubar, wadda ba a so ta motsa ko da ɗaya.